Dakon iska daga Zariya zuwa Romi

Ƙarfe shida da 'yan mintoci na safiyar wata Talata, ana tsakiyar hunturu, wayata ta yi ƙara. Autan abokin mahaifina ne daga Unguwar Romi a Kaduna. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Yaya, Baba ya faɗi a bayi. Bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Injin iskar nan na marigayi yana nan?"

Yana nan. Tun rasuwar mahaifinmu yake ƙuryar ɗakin mahaifiyarmu Hajiya a Tudun Wadan Zariya, an lulluɓe shi da tsohon zane. Na'ura ce mai kamar ƙaramin firji, da tayoyi huɗu, tana zuƙar iskar ɗaki ta tace, ta fitar da oksijin lita 5 a minti ɗaya. Na ce wa yaron su kai Baba asibiti yanzun nan, kada su jira ni. Ya ce to. Irin "to" ɗin nan da kana ji ka san ba za a yi ba.

Baba mutumin Bajju ne daga wajen Zonkwa. A masaƙar Kakuri suka haɗu da mahaifina, wato KTL da aka buɗe a 1957, suka yi shekaru suna shaƙar ƙurar auduga ɗaya. Gida ɗaya muka yi haya, matarsa ce ma ta goya ni ranar da aka haifi ƙanwata. Rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 ne ya raba mu. Mu muka tattara muka koma Zariya, su kuma suka ƙara nausawa kudu, suka sayi fili a Romi. Bayan shekara biyu masaƙar ita ma ta rufe. Amma da mahaifina ya rasu, Baba ya zo ya zauna a tabarmar makoki kwana uku cur, yana karɓar gaisuwa kamar ciki ɗaya suka fito. Irin wannan mutum in an ce ya faɗi, ba ka tsayawa lissafi. To ni ma ban tsaya ba, kuma da na tsaya da ya fi.

A tashar Kwangila direba ya ce a kwantar da injin a but, kan buhunan barkono. Na ce ba ya kwanciya. Ƙarshe kuɗin mutum biyu na biya, na shige gidan gaba na ɗora shi a cinya. Minti arba'in muka yi muna jiran mota ta cika. Wata tsohuwa a baya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, injin markaɗe ne?" Na ce, "A'a Iya, iska ce zan kai wa mara lafiya. Ɓarin jikinsa ne ya shanye." Ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi! Wanda iska ta buge kuma a ƙara masa iska?" Mota ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma maganarta ba ta wasa ba ce. Mutum ya kwana lafiya, ya shiga bayi da asuba, a fito da shi baki a karkace, ai a wurin mutanenmu an gama bincike, ya taka 'ya'yan aljanu. Alhali likitoci sun daɗe da lura cewa jini ya fi hawa da sassafe, kuma wannan ciwo ya fi kama mutane a waɗannan sa'o'in. Bayi kawai shi ne wurin da kowa ke fara zuwa in ya tashi.

Muna wuce gadar fita gari na kira wani ɗan ƙanen mahaifiyata, likita a Shika. Tambayarsa ta farko ba "yaya jikin" ba ce. Cewa ya yi, "Ƙarfe nawa aka gan shi lafiya gani na ƙarshe?" Na ce wajen biyar da rabi. Ya ce kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, a kwantar da shi ta gefe, a kai shi inda ake hoton ƙwaƙwalwa. Sannan ya ce, "Kai kuma me ka ɗauko?" Na faɗa masa. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Yaya, kai dai kai musu, wataƙila a buƙace shi. Amma ba shi ne maganin ba." Na kira Romi na isar da saƙon. Aka sake ce mini to.

Daga Jaji zuwa Maraban Jos ban ga komai a hanya ba, hazo ya rufe, ni kuma ina ta juya maganar. A ido dai lissafin a fili yake. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da mutum ke shaƙa, kuma ba ta da rumbun ajiya. In gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai mata abinci, yankin da ke tsakiyar toshewar yana mutuwa cikin mintoci. Na kewaye da shi kuwa suma yake yi, yana samun ɗan tsiyaye daga ƙananan jijiyoyin maƙwabta, kamar kunyar lambu da hanyar ruwanta ta toshe amma danshin ta kusa na ɗan ratsowa. Ganye ya yi yaushi, saiwa ba ta mutu ba. Wannan yanki mai suma shi likitoci ke tseren cetowa. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa in babbar jijiya ce ta toshe ba a buɗe ba, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Mai karatu ya lissafa da kansa, ni da na fara sai na bari.

To in rashin oksijin ke kashe ƙwaƙwalwa, me zai hana a ƙara wa mutum oksijin? A Kawo na samu amsa, a cikin cunkoso. Wata tirela ta lalace ta tare hanya, motoci cike da fasinja sun yi layi ba gaba ba baya, ga 'yan kamasho a tasha suna ta kiran wasu fasinjojin. Haka jinin mai numfashi lafiya yake. Jajayen ƙwayoyinsa sun riga sun yi lodi, kashi 96 ko 97 cikin 100, babu sauran kujera. Matsalar ba ta fasinja ba ce, hanya ce a toshe. Abin da ƙarin oksijin zai iya yi kawai shi ne kaɗan daga cikinsa ya narke a ruwan jinin, ya bi ta ƙananan jijiyoyi ya kai ga yankin mai suma, kamar 'yan acaɓan da na ga suna kurɗawa ta lunguna suna ɓullewa gaban tirelar. Suna kai mutum ɗaya-ɗaya. Ba sa janye tirela.

Na sauya mota a Kawo, muka bi Ali Akilu muka faɗa titin Ahmadu Bello, muka zagaye shataletalen filin wasa. Ƙarfe goma daidai muna kan gadar Kogin Kaduna. Ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, masu wanki sun shanya kaya a kansu. Duk wanda ya tashi a garin nan kafin 2000 ya san wannan gada ba ta da wata ma'ana a da sai ta tsallaka ruwa. Yanzu kuwa mutane kan tambayi juna a wane ɓangarenta kake kwana. Amma ni ranar agogo nake kallo. Allurar da ke narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwo. Biyar da rabi zuwa goma. Ko da a ce allurar na nan kusa, kuma ga kuɗinta a hannu, ƙofarta ta rufe ina tsakiyar gada rungume da inji.

Sauran hanyar na san ta kamar tafin hannuna. Tashar jirgin ƙasa, sai Kakuri da dogayen katangun masaƙu da ciyawa ta cinye harabarsu, sai kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975, sai hanyar Abuja. Romi na nan kafin ka kai Gonin Gora. Keke ya sauke ni a bakin layi, wani yaro ya taya ni ɗaukar injin don tayoyinsa ba za su yi tafiya a jar ƙasar nan mai kwazazzabai ba.

Gidan a cike yake. 'Yan zumuntar mata sun jeru a baranda da zannuwansu iri ɗaya suna addu'a a hankali, fasto ya zo ya tafi. Baba na kwance a doguwar kujera a falo, an tokare kansa da matashi biyu, idonsa biyu. Ya gan ni, ya gane ni, ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Goshinsa na ƙyalli da man zaitun. A kan tebur ga kofin kunu da cokali a ciki, an sha kusan rabi, sauran rabin kuma a gaban rigarsa. A yatsunsa na ga ɗigon jini ya bushe, ashe wani maƙwabci ne ya tsattsaga masa da allura, wai ya gani a WhatsApp cewa haka ake yi. Mama, matarsa, ta taso ta riƙe hannuna biyu. "Ɗana, ka kawo iskar? Tun safe kai muke jira."

Wannan magana har yau ba ta bar ni ba. Awa biyar suna zaune da shi, ga motar maƙwabci a ƙofar gida, ga asibitoci a Kakuri tafiyar minti kaɗan, amma ni ake jira. Da na ce injin ya lalace, da tuni sun tafi.

Babu wuta. Aka tura yaro neman mai a galan, aka tayar da janareto, injin ya fara gurnaninsa. Ana cikin haka wata nas da ke layin ta dawo daga aikin dare, aka kirawo ta. Ba ta ko kalli injin ba. Ta zaro ɗan abin nan mai kamar maƙalin shanya daga jaka, ta matsa a yatsan Baba. Lamba ta fito, 97. Ta auna jini, ya hau sosai. Ta ce, "Mama, numfashinsa lafiya lau. Ba iska yake nema ba, hoto yake nema. Ku kashe wannan abu mu tafi." Mama ta kalle ni kamar in sa baki, ni da na yi dakonsa tun daga Zariya. Na ce, "Mama, gaskiyarta ne." Na lura da yadda fuskarta ta faɗi. Robar nan a hanci ita ce a wurinmu alamar ana yin wani abu. Mai jinya in ya ga kwalbar ruwa na tafasa a jikin silinda hankalinsa kan kwanta, in aka cire sai ya ga kamar an sallama masa mara lafiya.

Asibitin kuɗi na farko da muka je ba su da na'urar hoton. Na biyu suna da ita, ta lalace. Sai da muka sake tsallaka gada zuwa arewacin gari, muka tattara kuɗi ta waya daga 'ya'yansa na Abuja da Jos, kafin aka shigar da shi wajen ƙarfe uku na rana. A bencin jira autan ya ce mini, "Yaya, ba za a ba shi asfirin ba tukuna? An ce yana sinka jini." Na ce a'a, kuma ga dalili. Ciwon iri biyu ne masu kama ɗaya a ido, ko jijiya ta toshe ko ta fashe. Babban binciken nan na SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Gana, wanda asibitocin koyarwa na Zariya da Kano suka shiga, ya nuna a 2018 cewa kashi 68 cikin 100 na masu ciwon toshewa ce, kashi 32 fashewa. Wato a nan yankinmu kusan mutum ɗaya cikin uku jini ne ke zuba a kansa, wanda kuwa ka ba shi maganin sinka jini ka ƙara wa wuta fetur. Binciken ya kuma ɗora mafi yawan laifin a kan hawan jini. A nan autan ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya bar shan maganinsa tun kafin Kirsimeti, wai ya ji sauƙi, ga tsada.

Hoto ya fito, toshewa ce a ɓangaren hagu. Aka kwantar da shi.

Daren nan a barandar asibiti, sauro na cizo, na zauna na bi tarihin wannan magana ta oksijin, don na ji haushin kaina kuma ina son in san iyakar wautata. Ashe manyan likitocin duniya ma sun daɗe suna wannan dako. A ƙasar Norway a 1999 an gwada a kan mutum 550, ba a ga amfani ba. A Boston ta Amurka a 2005, Aneesh Singhal ya gwada wa mutum 16 wata hanya, oksijin mai ƙarfi lita 45 a minti har awa takwas. Masu shaƙar sun nuna sauƙi a lokacin, amma bambancin bai ɗore ba. Da aka faɗaɗa gwajin sai aka tsayar da shi da wuri, saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangaren masu oksijin, ko da yake ba a tabbatar shi ne sanadi ba. Sai babban gwajin Birtaniya da Farfesa Christine Roffe ta jagoranta, wanda mujallar JAMA ta buga a 2017. Mutum 8,003 a asibitoci 136, an raba su uku, wasu oksijin dare da rana na kwana uku, wasu da dare kawai, wasu ba a sa musu ba sai in jininsu ya nuna buƙata. Lita 2 ko 3 a minti, wato daidai irin abin da injin cinyata zai bayar. Bayan kwana 90 babu bambanci, ko a mutuwa ko a naƙasa. A 2018 kuma mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 25 na marasa lafiya sama da 16,000 masu ciwuka masu tsanani iri-iri, aka ga waɗanda aka yi wa ambaliyar oksijin sun ɗan fi mutuwa. Yawansa yana sa jijiyoyi su tsuke, yana kuma haifar da sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Amurka ta tsaya a kan lamba. In awon yatsa ya haura 94, a bar mutum ya shaƙi iskar Allah. Nas ɗin Romi ba ta karanto mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma a kansu ta tsaya.

Sai dai labarin bai mutu a nan ba, kuma nan ne ya fi ba ni sha'awa da takaici a haɗe. Tun 2015 aka tabbatar da wani aiki da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuwa ƙwaƙwalwa a zaro gudan jinin. Da wannan ya samu sai wasu suka ce wataƙila oksijin bai gaza ba, an dai ba shi aikin da ba nasa ba ne. Shi mai riƙon ƙwarya ne, ya raya yankin mai suma na 'yan sa'o'i kafin mai janye tirela ya iso. A 2025 Lancet ta buga gwajin OPENS-2 na likitocin ƙasar Sin. Mutum 282 da babbar jijiya ta toshe musu, duk sun iso cikin awa shida, duk an zaro musu gudan jinin. Rabinsu an haɗa musu da oksijin lita 10 a minti na awa huɗu, kuma bayan kwana 90 sun fi sauran samun sauƙi. Wani gwajin makamancinsa a Turai mai suna PROOF kuwa an tsayar da shi don ba a ga alamar amfani ba. Magana dai tana hannun masu bincike. Amma ko da na Sin ɗin ya tabbata, sharaɗinsa biyu ne, a iso da wuri kuma a buɗe jijiyar. A duk zirga-zirgar da muka yi ranar, daga kudu zuwa arewacin kogi, babu wanda ya ko ambaci zaro gudan jini. A ganina duk wanda ya ɗauko wannan labari ya ce wa mutumin Romi oksijin na kare ƙwaƙwalwa, bai faɗa masa sharaɗin ba, ya cuce shi, domin zai zauna a falo yana jiran inji.

A dare na uku zazzaɓi ya rufe Baba, numfashinsa ya koma sama-sama, ƙirji na ƙara. Awon yatsa ya sauka 88. Likita ya ce huhu ne ya kamu, kuma da alama kunun nan na ranar farko ne ya bi ta hanyar iska, domin ciwon kan kashe maƙogwaro yadda mutum zai shaƙe bai ko yi tari ba. Mama da ta ji haka ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba. Aka sa masa oksijin, wannan karon da hujja. Wajen ƙarfe biyu na dare silindar ɗakin ta ƙare, wadda za a canja ba ta iso ba. Autan ya ruga mota ya turo injin mahaifina, da ke but tun ranar Talata, a tsaye, an ɗaure shi da igiya. Aka jona. Muna tsaye mu huɗu muna kallon lambar nan tana hawa, 90, 92, 95. Kwana biyar yana aiki.

Ranar da zan koma Zariya na biya ta Romi. An sallami Baba, ana zuwa yi masa gashi sau uku a mako, ƙafar ta fara ɗaukarsa da sanda, hannun dai shiru. Da na durƙusa yi masa sallama ya kama wuyan rigata da hannun hagu, ya daɗe yana kokawa da harshe, sannan ya kira ni da sunan mahaifina. Ban gyara masa ba.

Injin na bar shi a can, Hajiya ta ce ba sai an dawo da shi ba. Nas ɗin layin ce ke riƙe da shi yanzu, ita ke cewa wa za a sa wa da wanda ba za a sa wa ba. A jikin murfinsa ta manna takarda da salatif, ta rubuta lambar wayar mai mota biyu a unguwar, da sunayen wuraren da na'urar hotonsu ke aiki.